Abin da tsofaffin taraktoci suka koya mini game da totur da gwamna

Kowace shekara, kafin damina ta kankama, garejinmu da ke Suame Magazine a Kumasi kan cika da tsofaffin taraktoci daga Ejura da Techiman. Yawancinsu Massey Ferguson 135 ne, ƙirar 1964 zuwa 1975, masu injin Perkins mai silinda uku. Kukan masu su kusan ɗaya ne: inji yana hawa yana sauka shi kaɗai, ko an ja totur ya ƙi amsawa, ko kuma da garma ta shiga ƙasa sai ya shaƙe. Tun daga bakin ƙofa mai tarakta ya gama yanke hukunci: "Masta, gwamna ne ya tashi aiki."

Yana nufin na'urar da ke daidaita gudun inji, amma da wuya ka tarar shi ne. Hannun totur ba shi ke zuba wa inji mai ba, wani sifirin da ke cikin famfon mai kawai yake ja. A cikin famfon nan, samfurin CAV DPA, akwai wasu ƙarafa masu nauyi da ke juyawa tare da injin. In gudu ya ƙaru sai su buɗe, su yi ja-in-ja da sifirin ɗin, su rage man da ke wucewa. In kaya ya danne inji sai su tsuke, mai ya ƙaru. Gwamna ke nan. To in man da ke iso masa rabi kumfa ne, me zai daidaita?

Shi ya sa mastanmu ba ya barin kowa ya ɗora sifana kan murfin famfo sai an bi hanyar mai tun daga tanki. Za ka sassauta ɗan notin fitar da iska a jikin famfo, ka riƙa danna hannun ƙaramin famfon da ke jawo mai, ka zuba ido. In dizal ya fito da kumfa yana tsartuwa, iska na shiga ta wani wuri, ko tiyo ya tsage ko robar filta ba ta zauna daidai ba. Wani lokacin ka kwance kwalbar da ke ƙarƙashin filta ka ga ruwa kwance da laka, albarkacin man jarka da ake saye a ƙauye. Sai kuma sandunan totur. Ka kama ɗaya ka girgiza. In gaɓar ta ci tana ƙwal-ƙwal, direba zai ja hannu rabin tafiya famfo bai san ana yi ba. Hannun da ke zamewa baya da kansa kuwa, ɗan faifan da ke riƙe shi ne ya ƙare.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne hatimi. Sukurun da ke iyakance gudu ana ɗaure shi da waya da dalma tun daga kamfani, amma direbobi kan tsinke su murɗa, wai don tarakta ta ƙara ƙarfi. Ƙara kawai take ƙarawa. Shaftin baya, mai juya kayan aiki, yana ba da juyi 540 a minti ne in inji na wajen 1,700, ba sai an kure shi ba. Na taɓa ce wa wani dattijo, "Alhaji, yaronka ya taɓa nan." Ya rantse bai taɓa ba, alhali wayar na reto a gabanmu.

Akwai kuma gudun da gwamna ba shi da iko a kansa. In aka cika baƙin mai ya wuce layi a tukunyar tace iska, inji na iya zuƙarsa ya ƙona shi a madadin dizal. Ka ja abin kashewa, ko gezau, sai hayaƙi da ihu. Maganinsa toshe bakin iska da katako mai faɗi, kada ka kuskura ka sa tafin hannu. Duk sabon yaro da ya zo koyon aiki, wannan katakon ake fara nuna masa kafin sifana.

In an bi duk wannan har yanzu inji na rawa, sannan a buɗe murfi, a wuri mai tsabta, nesa da ƙurar hunturu. Akwai ramuka uku da ake iya maƙala sifirin gwamna a kowane ɓangare, lambar da ke jikin famfo ce ke faɗin inda za a maƙala shi, don haka nakan ɗauki hotonsa da waya kafin in cire. In bawul ɗin mai ne ya cije saboda tsatsa, ana iya wanke shi da dizal mai tsabta ya saki. Abin da ya wuce haka ba aikin gindin bishiya ba ne, sai mu naɗe famfon a leda mu kai wa masu na'urar gwaji.