Sola da batir a gidana na Kaduna: abin da lissafi ya nuna

Lokacin da litar fetur take ƙasa da naira 200, zancen sola ko kusa bai taɓa zuwa raina ba. Muna da janaretanmu, in aka ɗauke wuta da magariba yaro ya ja igiya, mu kunna fanka da talabijin zuwa sha ɗayan dare, a kashe a kwanta. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kafin mako ya zagayo lita ta haura 500. Cikin watan Yuni kuma aka saki naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa, dala ta yi ta hawa har ta wuce 1,500 a farkon 2024. Zuwa Satumbar shekarar lita ta doshi 900, a Oktoba ta tsallake dubu. A wannan tsakanin ne na rufe ido na ci rancen ƙungiyar ma'aikata ta wurin aikinmu, na haɗa da kwasar adashen uwargida, aka kafa mana sola a gidanmu da ke Unguwar Dosa.

Masu tambayata ko abin yana rage kashe kuɗi suna son in ce i ko a'a. Ni kuwa nakan fara da tambayar su nawa suke zuba wa janareta a wata, domin amsar tana nan. Injinmu ɗan matsakaici ne, yana shan kusan lita ɗaya a awa in an ɗora masa fankoki da firij da talabijin. Da na duba abin da kayan nan suke ja, sai na ga litar nan ba ta ba ni fiye da yunit ɗaya da rabi na wuta ba, yunit irin wanda mita ke ƙirgawa, wato wat dubu na tsawon awa ɗaya. Ke nan in lita tana dubu, yunit ɗin janareta ya haura naira 600, ban da baƙin mai da fulogi da kuɗin bakanike. A gefe guda, ko 'yan rukunin A, waɗanda hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ƙara wa kuɗin wuta a Afrilun 2024 zuwa naira 225 kan alkawarin awa 20 a rana, ba sa biyan rabin haka. Mu da layinmu ba ya cikin rukunin, kuɗin yunit ɗinmu bai kai rabin nasu ba ma. Saboda haka wutar mita, in dai tana zuwa, babu abin da ya kai ta sauƙi. Sola da fetur take gasa, ba da mita ba.

Mai haɗa mana kayan wani matashi ne da ya yi karatun lantarki a kwalejin fasaha ta nan Kaduna, kowa Injiniya yake ce masa. Ranar da ya zo bai yarda mu yi maganar kuɗi ba. "Malam, fara zagayawa da ni gidan tukuna," in ji shi. Ya riƙa juya bayan kowane abu yana karanta ɗan rubutun da ke manne, yana rubutawa a bayan wata takardar gayyatar ɗaurin aure da ya tsinta a kan tebur. Fankar sama wat 70 zuwa 80, kwan fitila na zamani wat 10, talabijin kusan 100, firiza 150 amma takan yi fizga in za ta tashi. Da ya zo kan dutsen guga da hitar ruwa sai ya ɗaga su sama ya nuna wa uwargida. "Hajiya, waɗannan biyun kowanne ya haura wat dubu. In kika kunna ɗaya da dare, kin cinye barcin yara a ƙarƙashin fanka." Ta ce, "To Injiniya, firizar fa? Don ita na sa kuɗina." Ya ce firiza ba matsala ba ce in an bar ta ta yi aikinta da rana, ta daskare kafin la'asar, da dare a kashe ta, kada a yawaita buɗewa.

Abin da muka sa shi ne farantin sola shida masu wat 550 kowanne, inbata (na'urar da ke juya wutar faranti da ta batir zuwa irin wadda kayan gida ke aiki da ita) mai ɗaukar kilowat biyar, da batirin litiyam guda mai yunit biyar. Da waya da bireka da ƙarfen girke farantan, wanda wani mai walda a Panteka ya ƙera, da ladan aiki, kuɗin ya haura miliyan uku da rabi. Batirin shi kaɗai ya ci fiye da kashi ɗaya cikin uku.

A kan batirin nan muka fi ja-in-ja da abokai, kuma a nan ne nake ganin mutane suke cin riba ko su tafka asara. Faranti ba shi da fitina. Masu ƙera shi suna ba da tabbacin shekara 25, ba ya da abin da ke juyawa balle ya ci, kuma farashinsa ya yi ta sauka a duniya saboda yawan da ake fitarwa daga Sin. Wutar da ya bayar da rana kai tsaye ita ce mafi arha da za ka taɓa samu. Batir kuwa randa ce da take tsufa da kowace cika da kowace kwalfewa, ranar da ta fashe kuma sai ka sayi sabuwa da farashin dalar ranar.

Ga lissafin da na yi da farashin da aka ba ni a lokacin. Batirin tubula mai ruwa, ɗan amfiya 200, a rubuce yana ɗaukar yunit biyu da ɗigo huɗu, amma in kana son ya yi kwana, rabi kawai za ka riƙa ɗiba. Huɗu daga cikinsu ke nan za su ba ka kusan yunit biyar a dare. Kuɗin huɗun ya ɗan gaza na litiyam guda, shi ya sa suke jan ido. Sai dai a zafin Kaduna, da yadda muke matsa musu, waɗanda na sani sukan canja su bayan shekara biyu zuwa uku. In ka raba kuɗinsu da yawan wutar da za su ajiye maka a tsawon ransu, kowane yunit ya tasam ma naira 300, kuɗin ajiya kawai, ba a sa na faranti da inbata ba. Litiyam kuwa ana iya ɗibar kashi 80 cikin ɗari ko fiye, kuma masu shi suna cewa yana jure cika da saukewa sau dubbai. Ban yarda da duk abin da aka rubuta a kwali ba, sai na yanka na ce shekara takwas. Ko a haka yunit bai wuce 120 da 'yan kai ba. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, kuma a nan ma ba arahar ba ce.

Maƙwabcinmu, wani dattijo ɗan fansho, tubula ya sa shekara guda kafin ni, ya jera su a ƙaramin sito mara taga kusa da kicin. Wata rana ya kira ni in duba masa dalilin da wutarsa ke ɗaukewa ƙarfe biyun dare. Ina buɗe ƙofar wani zafi ya buge ni, ga warin asid, kan baturan ya yi farin gari kamar an barbaɗa kanwa, 'yan sandunan da ke nuna ruwa duk sun nutse ƙasa. Na ce, "Baba, yaushe rabon da a zuba musu ruwa?" Ya ce shi mai sayarwa bai taɓa gaya masa ana zuba musu komai ba. Muka sayo tataccen ruwan batir muka cika, aka fasa bango aka sa taga, sun ɗan farfaɗo, amma ƙarfinsu na da bai dawo ba. Ruwan rijiya ko na leda ba ya yi musu, gishirin da ke ciki kashe su yake yi.

Gwajin farko da namu ya fuskanta bai jima da zuwa ba. A ƙarshen Oktoban 2024, bayan an lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Mando, ɗaya layin da ya rage shi ma ya samu matsala, yawancin Arewa ta kwana a duhu fiye da mako. A kwanakin nan falonmu ya koma shagon caji, wayoyin unguwa jere a kan darduma, kowa ya ɗaura wa tasa zare ko ya manna takarda don kada a yi musanya. A nan na ga iyakar abin da muka saya. Da rana wuta har ta yi yawa, batir ya cika tun kafin azahar, sauran hasken ya tafi a banza. Da dare kuwa yunit huɗu ne, ba ƙari. Fanka uku na awa tara sun kwashe biyu, fitilu da talabijin da ɗan abin da inbatar kanta ke ci sun kwashe sauran. In aka ƙara firij, asuba ba ta riskar mu da wuta.

Wannan shi ya sauya tsarin gidan gaba ɗaya. Guga ta koma tsakanin ƙarfe goma sha ɗaya da biyun rana. Injin da ke tura ruwan burtsatse zuwa tanki ma a lokacin ake kunna shi, haka markaɗen kayan miya. Duk abin da aka yi da rana bai bi ta cikin batir ba, bai rage masa kwana ba. Fankokin ɗakunan kwana muka canja su da irin masu cin wat 30, kuma a ganina wannan ɗan canjin ya fi ƙara batir na biyu riba nesa ba kusa ba. Yaran sun fi kowa saurin ganewa, yanzu ƙaramarsu ce ke zuwa ta karanto lambar da ke jikin inbata ta ce saura kashi kaza, a kashe talabijin.

Yanayi ma yana da nasa hukuncin. Na zaci damina ce kawai abokiyar gaba, ashe hunturu bai bar ta a baya ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan tare rana, ƙura kuma ta kwanta a kan farantan, ka ja yatsa ka ga layi. Mako biyu ba a wanke ba, abin da suke bayarwa ya faɗi ƙasa warwas. Da sassafe ake wanke su da ruwa da tsumma mai laushi kafin gilashin ya ɗau zafi. A bazara, Maris da Afrilu, rana ta wadata amma faranti in ya yi zafi ƙarfinsa raguwa yake yi, ga shi lokacin ne fanka ba ta hutawa. Agusta kuwa in marka ta sauka akan yi kwana biyu batir bai cika ba, shi ya sa ban sayar da janaretan ba, yana nan a lulluɓe. Sai tsawa. Kada mutum ya yarda a kafa masa sola ba a binne sandar ƙarfe a ƙasa an sa abin kare aradu ba. Kuɗinsu kaɗan ne, inbatar da suke karewa kuwa ta dubban ɗaruruwa ce.

To nawa muka rage? A nan nake ganin masu talla suna yin wayo. Sukan ce kana kunna inji awa shida kullum, su ninka da kwana 30 da farashin lita, su ce cikin shekara ɗaya da rabi kuɗinka ya dawo. Amma wa yake kunna inji awa shida kullum da lita tana dubu? Mu dai da mai ya yi tsada mun riga mun janye, wani daren ma a tsakar gida muke shimfiɗa. Abin da ke fita aljihuna da gaske, fetur da baƙin mai da gyara, bai wuce dubu 70 zuwa 80 a wata ba. Katin mita ya ragu da 'yan dubbai. A haka kuɗin zai ɗauki kusan shekara huɗu kafin ya dawo, kuma da fetur ya sauko ƙasa da dubu a 2025 lokacin ya ƙara tsawo. Sauran abin da muka samu, wutar dare har asuba, da shirun da babu ƙarar inji ba hayaƙi, da daina bin 'yan bumburutu da jarka, jin daɗi ne, kuma na ji shi, amma ba na rubuta shi a shafin riba.

Abin da ya gajarta lissafin firizar uwargida ce. Azumin 2025 ya faɗo a Maris, tsakiyar zafi. Tun hantsi take ɗaura ruwa a leda, ta jera zoɓo da kunun aya a robobi, kafin shan ruwa yara sun yi layi a ƙofar gida. Wutar da a da take tafiya a banza bayan batir ya cika, ita ce ta zama ƙanƙara. A watan nan kaɗai cinikinta ya biya kason rancen wata, kuma ba ta daina ba bayan salla. Ta kuwa tuna mini, ba sau ɗaya ba, cewa kuɗin adashenta ne ke aiki.

Yayana ya zo ya gani ya ce shi ma zai sa irin namu. Layinsu na rukunin A ne, wutarsu tana zama, janaretansa sai ya yi mako bai tashi ba. Na ce, "Yaya, kai kam kada ka zuba miliyoyi a batir. In kuɗin mita ne ya dame ka, sa faranti su ɗauke maka nauyin rana, ka haɗa da ɗan ƙaramin batir na tsallake ɗaukewar awa biyu." Wani abokin aikina kuma ɗan haya ne a Kawo, ɗaki ciki da falo. Shi faranti ɗaya da fanka mai caji da fitilu suka ishe shi, kayan da zai iya kwancewa ya tafi da su ranar da mai gida ya ba shi notis.

Ni yanzu kowane ƙarshen wata nakan ware dubu goma sha biyar in ajiye da sunan batir, domin ranar canjinsa tana tafe kuma inbatar ma ba ta dawwama. Da kuɗin ya ɗan taru nakan juya shi zuwa wani abu da ba zai narke da naira ba. Na bara ɗan rago na saya da shi, yana ƙauye wurin ƙanena ana kiwo.