Wane zazzaɓin?

A shekarata ta ƙarshe a karatun harhaɗa magunguna a nan Legas, aka ba ni aikin gwaji kan wani tsiro dangin okid, irin mai maƙalewa a jikin bishiya. Ganin farko na ɗauka kauci ne. Ashe kauci tsotsar bishiya yake yi, wannan kuwa mazauni kawai yake nema. Danginsa sun daɗe a hannun masu magani: a Indiya ana shafa wa mai zazzaɓi ganyen Vanda tessellata, a Sin kuma Dendrobium nobile tsohon magani ne.

Gwajin farko na neman sinadaran da ke hana ƙwayoyin jiki yin tsatsa ne. Ana zuba ruwan tsiron a cikin wani sinadari, DPPH, mai launin shunayya. In akwai ƙarfi sai ya koma rawaya, na'ura ta auna yadda launin ya koɗe, a gwada da bitamin C. Nawa ya koɗe a gaban idona. Na biyu na ɓeraye ne: allurar yis a ƙarƙashin fata, a jira kamar awa 18 jikinsu ya ɗau zafi, sannan a ba wasu ruwan tsiron, wasu farasitamol. Zafin ya sauka, ko da yake bai kai na farasitamol ba.

Da murnata na hau mota zuwa Agege wurin kawuna, wanda ya tsufa a sana'ar saiwoyi da sassaƙe.

"Kawu, abin nan yana maganin zazzaɓi, na gani da idona."

Bai ma ɗago daga ƙullin da yake yi ba. "Wane zazzaɓin, ɗana? Na sauro, ko taifot, ko na shawara?"

Na yi shiru. Ɓerayena ba su da ko ɗaya daga cikin ukun.

Amsar tana cikin littattafan da na haddace don jarrabawa. Zazzaɓi ƙararrawa ce: jiki na sakin sinadarin prostaglandin E2, shi kuma ya sa ƙwaƙwalwa ta ɗaga ma'aunin zafi. Abin da ya danne wannan sinadari zai sanyaya jiki, ƙwayar maleriya kuwa tana can cikin jini tana hayayyafa. Atimisinin, maganin maleriya wanda masaniyar kimiyya 'yar ƙasar Sin Tu Youyou ta ciro daga wani ganye dangin tazargade har ta samu kyautar Nobel a 2015, ƙwayar yake kashewa. Wannan bambanci yana damuna ƙwarai, domin uwar da ta taɓa goshin ɗanta ta ji sanyi za ta iya kwana uku ba ta je asibiti ba.

Washegari na koma kan rahotona na goge "yana maganin zazzaɓi". Na rubuta cewa ya rage zafin da yis ya haddasa wa ɓeraye, kuma ba a gwada shi a jikin mutum ba. Da maƙwabciyarmu a Idi-Araba ta aiko a sam mata ɗan ragowar tsiron saboda jaririnta, sai na saka takalmi na raka ta a yi wa yaron gwajin jini.