Asalin magaryar aure mai 'ya'ya rawaya

Wasu masu lambu a ƙauyukanmu na Jigawa sun fara jin labarin wata magarya mai manyan 'ya'ya, waɗanda kan zama rawaya idan sun nuna, kuma da yawansu suna ɗaukarta a matsayin baƙuwar bishiya da ba ta da alaƙa da tamu. Gaskiyar ita ce jinsinsu ɗaya da magaryar da ke fitowa a gefen gonakinmu, wadda yara ke tsintar 'ya'yanta lokacin hunturu, ake kuma amfani da ganyenta wajen wankan mamaci.

Bambancin ya samo asali ne daga Indiya, inda manoma suka daɗe suna lura da bishiyar da 'ya'yanta suka fi girma da zaƙi, su yanko reshenta su aura wa wata, har aka sami irin da ake kira Gola da Seb da Umran. Gola ita ce mai zagayayyun 'ya'ya da ke nuna da wuri. Daga baya cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta yaɗa waɗannan iri a yankin Sahel, kuma masanin noma Dov Pasternak yana cikin waɗanda suka tsaya a kan aikin. A Nijar ana kiran wannan magarya tuffar Sahel.

Abin da nake so manomi ya riƙe shi ne cewa ƙwallonta ba ya maimaita uwar. Wanda ya shuka ƙwallo zai iya samun bishiya mai ƙananan 'ya'ya, don haka aure ake yi mata kamar yadda ake yi wa mangwaro: a sare magaryar gida, a jira ta yi toho, sannan a ɗaura idon sabon irin a kai, saiwar tamu mai jure fari ta ci gaba da ciyar da shi. Magaryar auren tana da tata wahalar, domin ƙudan da ke sa tsutsa a cikin 'ya'ya yana damunta sosai.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a dajinmu ma akwai magaryar da kowane makiyayi ya san ta fi sauran zaƙi, amma sau da yawa gatarin mai neman ƙayar shinge ne ke riga mai aura bishiya isa gare ta.