Fim ɗin da muka kalla a falon Goggo

Jiya bayan isha'i muka taru a falon Goggo a Tudun Wada muka kalli wani fim na Amurka, irin wanda ake yi don talabijin kawai. Ma'aikata biyu ne a ofis ɗaya, kullum suna faɗa kan ƙarin girma, har so ya shiga tsakani. Ana gamawa gardama ta kaure.

Yaya ya ce tun minti 10 na farko ya san ƙarshensa, ɓata lokaci ne. Goggo kuwa cewa ta yi, "Ke 'yar nan, yaushe suke aikin da ake biyansu?"

Ni dai ya taɓa ni, wallahi. Akwai inda yarinyar ta zauna ita kaɗai bayan an tashi, shayinta ya huce, ta cire takalmi ƙarƙashin tebur, shi kuma ya dawo ya taya ta haɗa fayil bai ce uffan ba. Shekara 4 ina aikin ofis a Sabon Gari, na san wannan gajiyar. Da safe a keke napep ma wurin nake ta tunawa.