Harafi ɗaya ya cinye mini naira 18,000

Har yau kwalin iyafis ɗin yana kan durowata, kuma duk sanda idona ya sauka a kan haruffan nan uku da aka buga da ruwan zinare a gefensa sai in ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. ENC aka rubuta. Ni kuwa ANC na fita nema, wato mai kashe wa kunne hayaniyar waje. Na san haka tun kafin in bar gida, har a tafin hannuna na rubuta da biro don kada in manta, amma duk da haka na biya kuɗin, na ma yi wa yaron shagon godiya.

Koyarwa nake yi a wata sakandare, ina kuma haɗa digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello. Bincikena a kan maginan gargajiya na cikin birnin Zariya ne, magadan sana'ar Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim. Na yi ta zirga-zirga ta Ƙofar Doka ina ɗaukar muryar dattawa a waya, har na tara hirar awa 23, kuma dole in zauna in mayar da ita rubutu kalma bayan kalma. Wanda ya fi kowa sanin sana'ar a cikinsu ya haura shekara 80, haƙora sun zube, murya ƙasa-ƙasa, ga shi a zaure muka yi hirar, babura suna ta wucewa. Gidana kuma a Hayin Dogo yake. Da rana injin markaɗen maƙwabta, da dare janaretan mai shagon aski da ke jikin katangarmu. Tsohon iyafis ɗin da nake da shi kunne ɗaya ya mutu, ɗayan sai na riƙe wayarsa a lanƙwashe yake magana.

Wani abokin karatuna ne ya ce in nemi mai kashe hayaniya. Na ware 20,000 daga albashi, wanda duk malamin makaranta ya san me hakan yake nufi a tsakiyar wata, na hau bas daga Samaru na sauka a PZ, unguwar shaguna a Zariya.

Shagon da na shiga akwai gilasai, akwai fanka, an rufo ƙofa. Yaron ya ciro wani ɗan farin akwati mai iyafis biyu marasa waya, ya haɗa da tasa wayar, ya cusa mini a kunne, ya saki wani kiɗa mai duka har cikin ƙirji. Ya ce, "Malam, ka ji bes? Wannan hayaniya ko ta jirgin ƙasa ce ba za ka ji ba. Duba, ga shi an rubuta."

Na duba kwalin, na duba tafin hannuna. Na ce, "Ni fa mai A nake nema, wannan E ne."

Ya ce, "Haba yallaɓai, ai duk abu ɗaya ne. Wannan ma shi ne sabon fitowa."

Daga nan hankalina ya bar kan kaya ya koma kan ciniki. Ya ce 25,000, na taya 12,000, ya ce albarka, na yi kamar zan fita, ya kira ni, muka tsaya a 18,000. Na yi masa tiransifa, ban karɓi rasit ba, ban tambayi ko zan iya dawo da shi ba. A cikin bas ina ta lissafin 7,000 ɗin da na ƙwato, ina jin ni gwani ne. Hirar dattijon nan kuwa tana cikin wayata, a aljihuna, duk tsawon lokacin da na yi a shagon. Minti biyu ya isa in kunna ta in leƙa bakin titi in saurara. Wannan ne abin da har yanzu nake kasa yafe wa kaina, ya ma fi harafin ciwo.

Bayan sallar isha'i mai aski ya tada janaretansa, na sa iyafis, na kunna hirar. Janareta yana nan daram a cikin kunnena kamar ban sa komai ba. Muryar tsohon kuma ta koma kamar daga cikin randa take fitowa, domin abin an gina shi ne don ya kumbura ƙasan sauti, wajen ganga, ya danne saman. A sana'ata kuwa saman nan nake nema. Abin da ke bambanta wa kunne baƙaƙe irin su s da ts yana can sama ne, a dubban haz (Hz, ma'aunin tsinin sauti), nesa da inda ganga take. Akwai inda dattijon yake bayanin yadda ake kasa ƙasa kafin a kwaɓa ta a yi tubali. Na maimaita wurin nan ya fi sau goma ban iya raba kasa da ƙasa ba.

Washegari na koma PZ a fusace. Maigidan shagon na tarar, mutum mai sanyin magana. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ba ni lambarka." Ya sa iyafis ɗin a kunnensa, ya fita ya tsaya a bakin titi inda 'yan acaba da a-daidaita-sahu suke ta hon, ya kira ni. Wallahi na ji muryarsa tar, hayaniyar titin can nesa-nesa. Ya dawo ya ajiye mini kayana ya ce, "Ka ga yana aiki. Kaya kuma in ya fita an buɗe, ba ya dawowa."

Haushin da ya fi ci na shi ne gaskiya ya faɗa. Abin yana yin aikin da aka rubuta a kwalinsa. Malamin fiziks na makarantarmu ne ya warware mini a ɗakin malamai, yana dariya yana zana mini a bayan takardar jarrabawa. ENC makirufo yake yi wa aiki: yana tace hayaniyar da ke kewaye da kai domin wanda kake waya da shi ya ji ka sosai. Kunnenka kai ba ruwansa da shi. ANC kuwa yana da ƙananan makirufo da ke sauraron ƙarar waje, sai ya ƙirƙiri kishiyar igiyar sautin ya tura cikin kunnenka, biyun su haɗu su kashe juna. Wato na biya 18,000 don in sauƙaƙa wa masu kirana.

Ya ƙara da wani abin da ya ɗan rage mini zafi. Ya ce ko na asalin na samu, rabin matsalata kawai zai magance, saboda ANC ya fi ƙarfi a kan ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa, irin gurnanin janareta ko injin mota, galibi ƙasa da haz 1,000. Kukan injin markaɗe mai tsini, da ihun yara, da sallamar baƙi, duk za su ratso. Kuma a 20,000 ɗina, in ji shi, in na ga an rubuta ANC a kwali mai sunan wani babban kamfanin waje, in fara zargin jabu ne kafin komai.

Da na tsaya a nan da sauƙi. Amma na riga na kashe kuɗi, sai na ce dole in ci moriyarsu. Dabarar da na yi ita ce in ƙure ƙarar har ƙarshe don muryar tsoho ta rinjayi janareta. Wayar ma tana fito mini da gargaɗi, ina danna "na ji" ina wucewa. Na yi kusan mako biyu a haka, awa biyu zuwa uku kowane dare. Wata ranar Juma'a na cire abin na kwanta sai na ji wani siririn fito a kunnen dama, shiiii, kamar an bar rediyo ba tasha. Da safe uwargida ta ce, "Maigida, lafiya? Sau uku ina yi maka magana." A ranar na tsorata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron ƙarar desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) na awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma in ta kai 90 lokacin ya ragu zuwa awa 4 kacal a mako. Ni kuwa abin da nake tura wa kunnena sai da ya danne janareta. Fiton ya ɗauke bayan kwana uku da na huta, alhamdulillahi, amma ban sake wasa da wannan gargaɗin ba.

Akwai wasu ƙananan abubuwan takaici da bulutut ɗin ya zo da su, waɗanda mai sauraron waƙa ba zai taɓa lura da su ba. Mai kwafar hira yana tsayarwa yana kunnawa sau ɗaruruwa. Duk sanda na tsayar na ɗan jima ina rubutu, in na sake kunnawa sai ya haɗiye farkon kalmar, dole in koma baya. Batir kuma kwali ya yi alkawarin awa 6, da ƙyar yake kai 3, a unguwar da wuta take zuwa lokacin da ta ga dama. A mako na bakwai na hagun ya daina ɗaukar caji gaba ɗaya.

Karo na biyu kasuwar Sabon Gari na nufa, da 8,000 a aljihu da kuma kunya. Na yanke wancan wurin na kasa ƙasa, daƙiƙa 40, na ajiye shi a gaban waya. Na ce wa mai teburin, "Ɗan'uwa, mai waya nake so, mai roba a baki, kuma sai na gwada a tsaye a nan." Mutum biyu sun ƙi buɗe kwali, na wuce. Na ukun yana da na gwaji a rataye. Na gwada huɗu a cikin hayaniyar kasuwa, masu baro suna ta "a ba da hanya". Biyu bes ne zalla. Na uku yana da tsini har yana soka kunne. Na huɗun, wani baƙi mara ado na 4,500, da na sa shi sai na ji dattijon kamar yana zaune a gabana a kan buzunsa: a kasa ƙasar gida uku. Na tsaya a tsakiyar kasuwa ina murmushi ni kaɗai.

Sirrin kuwa yana wajen 'yar robar nan da nake jefarwa tare da kwali tun da nake sayen iyafis. Kala uku ake sakowa, ƙarama da matsakaiciya da babba, kuma wadda ta toshe ramin kunnenka ruf ita ce mai tare hayaniya, ba batir ba caji. Ni ashe kunnena na dama babba yake so, na hagu matsakaiciya. Shekara nawa ina amfani da abin ban sani ba. In robar ta zauna daidai, ƙarar waya a rabi ta ishe ka, sauti ma ya fi cika.

Ban ko kalli rubutun kwalin ba a wannan karon. Wannan 20Hz zuwa 20kHz da ake bugawa iyakar jin kunnen ɗan Adam ne kawai, za ka gan shi a na 1,500 ka gan shi a na 150,000. Lambar bulutut, 5.0 ko 5.3, ita ma ba ta gaya maka daɗin sauti. Abin da na duba biyu ne: bakin da ake sokawa a waya, in zobe uku ne a jikinsa akwai makirufo, in biyu ne babu, sai kuma gindin wayar inda take shiga bakin, domin a nan suke karyewa. Wayata tana da ramin nan na milimita 3.5. Wanda tasa ba ta da shi, tunda kamfanoni da yawa sun bi sahun Apple da ya cire shi a iPhone 7 a 2016, to ya gwada mahaɗin USB-C, wanda ake sokawa a ramin caji, a wayarsa kafin ya biya, don wasu wayoyin ba sa fitar da sauti sai mahaɗin yana da nasa ɗan injin juya sauti a ciki.

Ragowar 3,500 ɗin shawarar malamin fiziks na bi. Na shiga layin masu sayar da kayan aiki na sayi murfin kunnen nan mai kama da hedifon da masu yankan katako suke sawa, wanda babu komai a cikinsa sai soso. Iyafis a ciki, murfi a kai. Janaretan mai aski ya koma kamar a wata unguwa yake, injin markaɗe ma ya ja baya. Akwai zufa, musamman a watan Afrilu, kuma yara sun sa mini suna direban jirgi. Amma awa 23 ɗin nan na gama kwafe su cikin mako shida, da ƙarar waya ƙasa da rabi.

Na daman mai tsadar har yanzu yana aiki. Uwargida ce ta ɗauke shi, da shi take waya in tana girki, kuma 'yan'uwanta sun ce ko turmi ake dakawa a kusa da ita suna jin ta tar. Shekaranjiya ina tsakar gida ina alwala na ji tana gaya wa yayarta ta Kano cewa ai maigida ne ya je har PZ ya sayo mata shi musamman, 18,000. Na ci gaba da alwalata ban tanka ba.