'Ya'yan kyanwa da aka tsinto: ɗumi kafin madara

Yawancin 'ya'yan kyanwar da ake tsintowa a kango, ko cikin silin, ko bayan rumfar kasuwa, ba yunwa ce ke fara kashe su ba, sanyi ne. Na biyu kuma shi ne madarar da aka ɗura musu da kyakkyawar niyya alhali jikinsu bai ɗumama ba.

Kafin ma ka kwashe su, ka tabbatar uwar ta bar su. Mage kan fita neman abinci ta yi sa'o'i, wani lokaci kuma tana cikin sauya musu wuri ne, tana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Idan cikinsu a cike yake, jikinsu fes, suna barci a dunƙule, to suna da mai kula da su. Yayyafa ɗan gari ko toka kewaye da wurin, ka ja da baya, ka dawo bayan awa uku ko huɗu ka duba sawu. In kuwa sun jiƙe, ko tururuwa ta fara hawansu, ko suna kuka ba ƙaƙƙautawa, babu batun jira.

Jaririyar kyanwa ba ta iya riƙe zafin jikinta sai ta kusa mako 4. Taɓa tafin ƙafarta da kunnenta, ka sa ɗan yatsa a bakinta. Idan da sanyi, kada ka ba ta komai, domin hanjinta ya tsaya da aiki, madarar za ta kwanta a ciki ne kawai ta lalace. Cika gorar roba da ruwan ɗumi, ka naɗe ta da tsumma, ka sa a gefe ɗaya na kwali, ta yadda in zafi ya yi mata yawa za ta iya rarrafawa ɗaya gefen. A bar ta ta ɗumama a hankali, kamar minti 30 zuwa awa ɗaya. A makon farko ana son cikin kwalin ya kai digiri 30 zuwa 32. Da hunturu gorar kan huce tun kafin asuba, saboda haka sai an tashi an sauya. Wadda ta yi laushi tiɓis, a shafa mata ɗan ruwan sukari a dasashi.

Sanin shekarunta, ko in ce kwanakinta, ba wuya. Cibiya kan faɗi wajen kwana 3, ido kan buɗe tsakanin kwana 7 zuwa 10, haƙoran gaba su fara leƙowa wajen mako na uku. Ana haihuwarta da nauyin kusan giram 100, kuma ya kamata ta riƙa ƙara giram 10 zuwa 15 kullum. Ƙaramin sikelin kicin ya fi idonka gaskiya: in kwana biyu ba ta ƙaru ba, akwai matsala ko da tana motsi.

Nonon saniya da madarar gwangwani ta shayi suna sa ta zawo, kuma zawo a jikin da bai wuce giram 150 ba saurin ƙarar da ruwa gare shi. Madarar da aka haɗa don 'ya'yan kyanwa ita ce daidai. Inda babu, nonon akuya da aka tafasa, a kaɗa gwaiduwar ƙwai a ciki, zai riƙe ta kwana ɗaya ko biyu kafin a samo. Cikinta ba ya ɗaukar fiye da mililita 4 a kan kowane giram 100 na nauyinta a shayarwa guda, kuma ana ba ta duk bayan awa 2 zuwa 3, har da tsakar dare. Yi amfani da ƙaramin sirinji marar allura, ɗigo-ɗigo. A kife take sha, ciki a ƙasa, kamar yadda take kama nonon uwa. Wanda ya kwantar da ita rigingine kamar jinjirin mutum, madara za ta bi ta huhu. In ka ga tana fitowa ta hanci, tsaya nan take.

Akwai aikin uwa da mutane ke mantawa. Har zuwa mako 3 ba ta fitsari ko kashi da kanta, uwar ce ke lasar ta. Bayan kowace shayarwa, jiƙa auduga da ruwan ɗumi ka shafa ƙarƙashin wutsiya a hankali har ta yi. Daga mako 4 sai a fara jiƙaƙƙen abinci, da dafaffen kifi ko kaza marar ƙashi, a kuma ajiye mata tiren yashi don fitsari da kashi. Ragowar miya ba ta dace ba, albasa da tafarnuwa suna lalata musu jini.

A wurin da ake tara maguna da yawa, sabuwar zuwa ta yi kwana 14 ita kaɗai, da kwanonta da tsummanta. Akwai ƙwayar cutar da ke kawo amai da zawo ta kwashe ƙanana cikin kwanaki, kuma takan yi shekara da ranta a daɓe. Ruwan Hypo ke kashe ƙwayar cutar: kashi 1 cikin kashi 32 na ruwa, a wanke datti tukuna, a bar shi minti 10, a ɗauraye. Dettol da Izal kuwa guba ne gare su, hantarsu ba ta iya sarrafa su. Haka farasitamol, ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe babban muzuru. Haka maganin ƙuma da kaska na karnuka mai sinadarin famatirin. Ƙuma a jikin ƙarama, wanka da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a tsince da matsefi mai ƙananan haƙora, a busar da ita sarai.

Sauran na likitan dabbobi ne: maganin tsutsar ciki tun daga mako 2, rigakafin farko a mako 6 zuwa 8 tare da maimaici har mako 16, rigakafin ciwon haukan kare a mako 12. Magen titi ba kyanwar Lami ba ce, tana cizo tana yaƙushi. In ta ji maka, wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka tafi asibiti a ranar.

Mace tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 ko 5, cikin kuma kwana 63 ne zuwa 65. Saboda haka a yi mata tiyatar hana haihuwa, namiji a yi masa fiɗiya, kafin a miƙa su ga wanda zai riƙe.