Na ba shi makullin ɗaki ɗaya, ashe na gidan ne duka

Shekara uku na yi ina kula da kwamfutocin wata cibiyar koyon na'ura a Zariya: saba guda, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogaro da ita, mai tsarin aiki na Ubuntu, kwamfutocin ɗalibai kusan talatin, sai firinta ɗaya da ta fi kowa rigima. A Ubuntu asusun root, wato na mai gida, a kulle yake zuwa. Iko yana hannun duk wanda ke cikin rukunin sudo, umarnin da ke ara wa mutum ikon mai gida, kuma ni kaɗai ne a ciki. Saboda haka duk ranar da aka ɗauke wuta aka tada janareta, firinta ta yi gardama, ni za a kira, ko ina wurin ɗaurin aure ne. Wata Asabar sau huɗu aka kira ni kan abin da umarni ɗaya ke gyarawa.

Da na kai kuka, shugaban cibiyar ya ce, "Malam, ka ba su kalmar sirrinka mana, ai duk 'yan gida ne." Na sha wuyar yi masa bayani ba tare da ya ɗauka zargin wani nake ba. Idan mutum biyar suna shiga da suna ɗaya, ranar da abu ya lalace babu wanda ya yi. Kuma mai amana ma yatsansa na zamewa.

Irin wannan matsalar ce ta haifi sudo. Bob Coggeshall da Cliff Spencer ne suka fara rubuta shi wajajen 1980 a jami'ar jihar New York da ke Buffalo, domin mutum ya yi wani aiki na mai gida da kalmar sirrinsa ta kansa, a kuma rubuta cewa shi ya yi. Sai na buɗe rukuni na masu taimaka mini su uku, na shiga fayil ɗin sudoers, inda ake rubuta abin da sudo zai yardar wa kowa, na ba su abu biyu: su sake tada cups, manhajar da ke kula da firinta, su kuma gyara fayil ɗin /etc/hosts, mai ɗauke da sunaye da adireshin kwamfutoci, da manhajar gyara rubutu ta vi idan an kawo sabuwar kwamfuta. Da umarnin visudo ake gyara sudoers, don yana duba kuskure kafin ya ajiye. Na taɓa yi kai tsaye da nano, wata manhajar gyara rubutu, na ɓata layi ɗaya, sudo ya ƙi kowa har ni, sai da na sake kunna sabar ta hanyar ceto. Sau ɗaya ya ishe ni.

Na koma gida ina jin kaina gwani. Wata biyu ban ji kiran firinta ba.

Ran nan wani ɗan bautar ƙasa cikin su ukun, yaro mai shiru-shiru da yawan karance-karance, ya ce, "Oga, zo ka ga wani abu." Ya buɗe /etc/hosts da izinin da na ba shi, ya rubuta :!sh a ƙasan vi, ya danna. Sai ga alamar #, wadda ke nuna ikon mai gida, tana kallona. Ya rubuta whoami, wato "wane ne ni", na'ura ta amsa root. Gumi ya karyo mini. Vi yana da hanyar kiran wasu umarnai daga cikinsa, kuma tunda da ikon mai gida aka buɗe shi, duk abin da ya kira da wannan ikon yake tashi. Wata biyu cur kowane ɗayansu na iya share sakamakon ɗalibai ko canza kalmar sirrina. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da na duba /var/log/auth.log, rajistar da ake rubuta ayyukan sudo a ciki, layi ɗaya kawai na gani: wane ya buɗe /etc/hosts da ƙarfe kaza. Abin da ya yi bayan ya fita ta wannan taga babu shi a rubuce. Rajistar da na yi wa shugaba alfahari da ita ba ta ga komai ba.

Ni sunan umarni na duba, ban tambayi me umarnin zai iya yi ba. Da na bincika sai na tarar vi ba shi kaɗai ba ne. Umarnin less yana da irin wannan tagar, find yana iya tada wani umarni, haka awk da python. Wanda ka bai wa ɗayansu da sudo, ka naɗa shi sarki ne ba ka sani ba.

Gyaran bai ɗauki awa guda ba. Na cire vi na sa sudoedit, wanda ke kwafo fayil ɗin, mutum ya gyara kwafin da ikonsa na talaka, sannan a mayar. Na kuma gano yawancin abin da suke bukata ba ya ma neman sudo: rukunin lpadmin ya wadatar wajen sarrafa firinta, rukunin adm kuma yana ba da damar karanta rajista. Kowane umarni na rubuta shi da cikakken adireshinsa, babu alamar tauraro mai nufin "ko mene ne" ko ɗaya. Yaron nan kuwa shi na riƙa bai wa fayil ɗin sudoers ya gwada fasawa kafin in amince da sabon layi.

A watan Janairun 2021 kamfanin Qualys ya bayyana wata ɓaraka da ta kusa shekara goma a cikin sudo, wadda ke bai wa kowane mai asusu ikon root ko da sunansa ba ya cikin sudoers. Ta ina ake shiga? Ta sudoedit ɗin nan da na fake da shi. Na yi dariyar takaici, na sayi data da kuɗina, na zauna bayan Isha'i ina sabunta sabar da kwamfutoci talatin ɗaya bayan ɗaya, janareta na ƙugi a bayan taga.